Yadda Ake Buga Poka Mai Kati Bakwai a Teburin Gauraye na Intanet

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga matasanmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Obalende iri ɗaya ce. Mutum ya iya nau'in pokar da ake kira Hold'em, ya shiga teburin gauraye, wato wanda ake canza nau'in wasa bi da bi, irin HORSE ko 8-Game, yana tara kwabbai lafiya lau, amma da zarar tebur ya juya zuwa Stud mai kati bakwai sai abin da ya tara ya zube cikin hannu biyar ko shida. Me ke jawo haka? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Hold'em kowa kati biyar ɗin tsakiya yake kallo. A Stud kowa da nasa katin, kuma huɗu daga cikin bakwai ɗin kowane mutum a buɗe suke. Wanda ya tsaya kallon nasa kaɗai ya bar rabin wasan a kan tebur bai ɗauka ba. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda hannu yake tafiya.

1. Zaɓi teburin kwabban wasa

Manhajojin poka suna da tebura iri biyu: na kuɗin gaske da na kwabban wasa waɗanda ake bayarwa kyauta kuma ba a canza su zuwa naira. An gina wannan jagora a kan na biyun, kuma duk lambobin da za ka gani na kwabban wasa ne. Sa kuɗi a karta caca ne, hukuncinsa kuma a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ko ta fuskar lissafi, gidan wasa yana yankar kasonsa daga kusan kowane tulin da aka ci, wato kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur, don haka idan aka haɗa 'yan teburin gaba ɗaya, da ƙasa da abin da suka zo da shi suke tashi. A Legas hukumar jiha ta Lagos State Lotteries and Gaming Authority ce ke ba da lasisin irin waɗannan harkoki, kuma an hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga.

Hattara: manhajar kyauta za ta yi ta tallata maka sayen ƙarin kwabbai da katin banki idan naka suka ƙare. Kada ka saka lambar katinka. Jira kyautar da ake sake bayarwa, ko ka sauka zuwa ƙaramin tebur.

2. Shirya kayan aiki

Kwamfuta ko babbar waya ta fi. A ƙaramin allo, tebur mai mutum takwas yana matse katunan har 6 da 9 su riƙa rikita ido. Shiga saitin manhajar ka kunna kati mai launi huɗu: sifed baƙi, zuciya ja, daimon shuɗi, kulob kore. Wannan kaɗai yana rage kuskuren ƙirga. Ajiye takarda da biro a gefe.

Ka cika caji kafin ka zauna, ka kuma tanadi layi na biyu mai data. Idan an ɗauke wuta ko sabis ya yanke kana tsakiyar hannu, agogo zai ci gaba da tafiya, kuma mafi yawan manhajoji ajiye maka katin suke yi, wato su fitar da kai daga hannun, idan lokaci ya ƙare akwai kuɗin da ya kamata ka biya. Kada ka buga a cikin danfo ko kana tsaye a shago kana sallamar masu saye. Katin da mutum ya ajiye ɓacewa yake yi daga allo nan take, kuma ba za a sake nuna maka shi ba.

Tebur ɗaya tak za ka buɗe. Masu buɗe uku ko huɗu a Hold'em suna kawo wannan ɗabi'ar nan, ita ce kuma ke fara kayar da su.

3. Tabbatar da wasan da ake ciki

A HORSE jerin shi ne Hold'em, Omaha mai raba tuli, Razz, Stud, sai Stud mai raba tuli tsakanin babba da ƙarami. A 8-Game ma waɗannan ukun na Stud a jere suke zuwa: Razz, Stud, sannan mai rabawa. Rabon katinsu iri ɗaya ne sak, biyu a rufe ɗaya a buɗe, shi ya sa ido ba ya lura an canza. A Razz mafi ƙanƙantar hannu ke ci. Mutum sai ya samu A, 2, 4 ya yi ta ƙara kuɗi yana murna, alhali tun hannun da ya wuce an koma Stud, inda wannan katin shara ne.

Kafin kowane hannu karanta sunan wasan a saman tebur. Akwai kuma alama ta biyu: duba wanda aka tilasta wa buɗe fage. Idan mai babban kati ne, kamar K, Razz ake yi. Idan mai ƙarami ne, kamar 2 ko 3, an shiga Stud.

4. San farashin hannu tun kafin ka shiga

Ɗauki tebur mai 100 da 200. Kowa zai fara zuba kuɗin shiga, a ce 15. A raba kati uku. Wanda katinsa na buɗe ya fi ƙanƙanta shi zai biya buɗin dole, a ce 30, ko ya cika zuwa 100 idan ya so. A nan A babba ne. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, dangin kati ke raba gardama: kulob ne mafi ƙasa, sai daimon, sai zuciya, sai sifed. A kati na uku da na huɗu ana sa 100 ne, daga na biyar zuwa na bakwai 200. Kati na huɗu, na biyar da na shida a buɗe ake ba da su, na bakwai a rufe. Daga na huɗu zuwa sama, wanda buɗaɗɗun katinsa suka fi ƙarfi shi ke fara magana. A yawancin tebura ana tsayawa ne a sawa ɗaya da ƙari uku a kowane zagaye.

Yanzu yi lissafin. Idan ka bi hannu tun daga farko har ƙarshe ba tare da kowa ya yi ƙari ba, ka biya 100, 100, 200, 200, 200, jimla 800, ban da kuɗin shiga. Kashi uku cikin huɗu na wannan kuɗin daga kati na biyar yake farawa. Wanda ya ce "ai 100 ce kawai, bari in gani" bai san ƙofar 800 ya buɗe ba. Zauna da aƙalla 4,000 a irin wannan tebur, don kada kwabbai su ƙare maka a daidai lokacin da ka samu hannu mai kyau.

Ƙarfin hannu daga ƙasa zuwa sama: tagwaye, tagwaye biyu, 'yan uku, jere na kati biyar, fulash wato biyar 'yan dangi ɗaya, 'yan uku haɗe da tagwaye, 'yan huɗu, sai jeren da yake dangi ɗaya. Biyar mafi kyau daga cikin bakwai ɗinka ake dubawa.

5. Kati na uku: kalli tebur kafin ka kalli hannunka

Nan ne ginshiƙin wasan, kuma daƙiƙa kaɗan gare ka. Da zarar an raba, bi katunan goshi, wato na buɗe, ka karanta su a zuciya daga ƙarami zuwa babba: "uku, biyar, tara, tara, J, K, A." Jerawa daga ƙasa zuwa sama ya fi zama a kai fiye da bin kujeru. Sannan ƙirga dangi: zuciya nawa, sifed nawa. Sai bayan nan ka duba naka biyun na rufe. Dalilin wannan tsari shi ne naka ba za su gudu ba, na mutane kuwa suna fara ajiyewa za su ɓace. Idan kai bai riƙe ba tukuna, rubuta a takarda. Babu wanda ke ganinka, kuma bayan mako biyu ko uku za ka ga ba ka bukatarta.

Abin da kake nema shi ne ko katunan da za su gyara hannunka suna raye, wato ba su bayyana a gaban kowa ba, ko sun mutu. Ga yadda abin yake da nauyi. A ce kana da zuciya uku a tebur mai mutum takwas. Idan babu zuciya ko ɗaya a goshin sauran bakwai ɗin, damar cika fulash zuwa kati na bakwai ta kai kusan kashi 24 cikin ɗari. Idan biyu sun fito ta sauka zuwa kusan 16. Idan uku, kusan 12. Idan huɗu, 9. Hannu ɗaya ne a ido, amma ƙimarsa ta ragu da fiye da rabi saboda abin da ke gaban wasu. A tebur mai mutum shida, wanda shi aka fi samu a 8-Game, lambobin sun ɗan yi ƙasa da haka kaɗan, amma darasin bai canza ba.

Haka yake ga tagwaye. Kana da 9 biyu, ka ga 9 ɗaya a goshin wani: hanyar zama 'yan uku ta ragu da rabi. Ka ga biyun duka sun fito: hannunka ba zai taɓa zama 'yan ukun 9 ba, sai dai ya jira tagwaye na biyu.

Hattara: kada ka danna akwatunan nan na yanke shawara tun kafin layi ya zo kanka. Suna sa ka daina kallo, kuma saurin da katinka ke ajiyuwa yana gaya wa masu lura cewa ba ka kare hannunka.

6. Hannun da ake shiga da shi

'Yan uku tun daga rabo suna zuwa sau ɗaya a cikin hannu 425. Ba sa bukatar dogon bayani. A teburin kwabban wasa, inda mutane ba sa son ajiyewa, babu amfanin ɓoye su: yi ƙari tun daga farko.

Manyan tagwaye, daga 10 zuwa A, su ne abincin yau da gobe. Suna son abokin hamayya ɗaya ko biyu, ba taro ba, don duk mutumin da ya ƙaru wata hanya ce ta jere ko fulash da za ta iya kayar da kai. Saboda haka ba a bin 30 da su a yi shiru. Cika zuwa 100. Idan wani ya riga ya cika da katin goshin da bai kai tagwayenka ba, misali shi yana nuna J kai kana da K biyu, mayar masa 200 don na bayanka su watse. Idan kuwa mai A ne ya yi ƙari bayan wani ya cika, kai kuma Q biyu gare ka da ƙaramin ɗan rakiya, ajiye. Yana da ciwo, amma bin tagwayen da suka fi naka har kati na bakwai shi ne babban ramin da kwabbai ke zurarewa a Stud.

Ƙanana da matsakaitan tagwaye, daga 2 zuwa 9, sharaɗi biyu gare su. Na farko sauran biyun su kasance a raye. Na biyu kati na ukun, ɗan rakiya, ya fi goshin wanda ya cika. 6, 6, A a gaban mai nuna Q hannu ne mai kyau, don idan A ya zo tagwayenka biyu sun doke nasa. 6, 6, 4 a wuri ɗaya ba shi da wannan mafita. Tagwayen da suke duka a rufe sun fi waɗanda ɗaya yake a goshi daraja, saboda idan na ukun ya faɗo babu wanda zai gane.

Uku 'yan dangi ɗaya: shiga idan waɗanda suka mutu ba su wuce biyu ba, kuma ya fi kyau a ce akwai babban kati a ciki wanda zai iya yin tagwaye ya ci shi kaɗai. Wannan hannun, saɓanin manyan tagwaye, taro yake so, don tulin ya yi girman da zai biya jiran.

Uku a jere, kamar 8, 9, 10: katunan da suka fi muhimmanci su ne na maƙwabta, 7 da J, sai na bayansu, 6 da Q. Idan biyu daga cikin 7 da J sun fito, bar shi. Ƙananan jere irin 4, 5, 6 ba sa biyan kuɗinsu idan an cika.

Hattara: A, K da wani kati na daban, kowanne da danginsa, yana ruɗar 'yan Hold'em. A can hannu ne babba. A nan ba ka da komai tukuna, kuma idan mutum biyu sun riga sun shiga, ko A da K sun fito a wani wuri, ajiyewa ce daidai.

7. Kwashe kuɗin shiga, da kare naka

A tebur mai mutum shida, kuɗin shiga 90 ne, da buɗin dole 30, jimla 120 a tsakiya tun kafin kowa ya yi motsi. Idan ka cika zuwa 100 kowa ya ajiye, ka ci 120. Wannan yana biyan kansa idan ya yi nasara kashi 45 cikin ɗari na lokuta, ko da ba ka taɓa cin hannun ta wata hanya ba. A tebur mai takwas tulin 150 ne, kashi 40 ya isa. Don haka idan duk na gabanka sun ajiye, katin goshinka ya fi na waɗanda suka rage, kuma bai mutu ba, cika ko da na rufen ba su da ƙarfi sosai. Idan akwai katin goshi biyu da suka fi naka a bayanka, bari.

Sai dai a san inda ake. A ƙananan teburan kyauta mutane suna bi da komai, don haka wannan dabara ba ta cika aiki ba. Gwada sau biyu ko uku. Idan kullum ana binka, daina, ka koma jiran hannu mai kyau kana karɓar kuɗinsu da shi. A manyan tebura da gasanni, inda mutane ke ganin ƙimar kwabbansu, tana aiki sosai, kuma wanda ba ya yin ta kuɗin shiga zai cinye shi a hankali.

Idan kai ne mai buɗin dole, wani ya cika daga kujerar ƙarshe, 70 kawai ake nema a wurinka. Kare da tagwaye kowane iri, da uku 'yan dangi, ko da kati biyu na rufe da suka fi goshinsa. Sauran ka bar masa, 30 ɗin ta riga ta zama ta tsakiya.

8. Kati na huɗu

Abu na farko: duba ko wani ya samu irin katin goshinsa. Mutumin da ya fara da tagwaye, sau biyu cikin uku ɗaya daga cikinsu ne a goshi. Don haka idan wanda ya biya 100 da 8 a buɗe ya sake samun 8, yiwuwar 'yan uku babba ce. A Stud na babba zalla, yawancin tebura suna ba da damar sa 200 a wannan zagaye idan tagwaye sun bayyana a buɗe. Idan ka ga wani 8 ya mutu tun farko, tsoron ya ragu. Idan ba ka gani ba, kuma ba ka da abin da ya fi tagwaye ɗaya, ajiye. Nan ne riƙe katunan mataki na 5 ke fara biyanka.

Idan ka fara da uku 'yan dangi, na huɗun ya zo daidai, damar cikawa ta kai kusan kashi 47 cikin ɗari kafin a cire matattu. Hannu ne mai ƙarfi, ana iya ƙari da shi. Huɗu a jere masu buɗaɗɗen baki biyu, kamar 8, 9, 10, J, kusan kashi 43 ne. Idan kuwa na huɗun bai zo daidai ba, kuma bai ba ka tagwaye ba, ci gaba kawai idan danginka na raye sosai kuma 100 ɗaya ce za ka biya.

Akwai dabarar da ta cancanci koyo a nan. Idan abokin hamayya ne ke fara magana kai kana bayansa, kuma kana da huɗu 'yan dangi, yi masa ƙarin 100 yanzu. Sau da yawa a kati na biyar zai wuce ba tare da ya sa komai ba saboda tsoro. Idan katinka bai zo ba, kai ma ka wuce, ka ga na shida kyauta: ka biya 100 ka tsira da 200. Amma lura, a Stud kujerar magana tana canzawa. Idan katin da zai faɗo maka zai sa buɗaɗɗunka su fi nasa, kai za ka fara magana, dabarar ta rushe. Ta fi aiki a kan mai nuna A ko K.

9. Kati na biyar: nan ake yanke hukunci

Kuɗi ya ninka. Wanda ya biya a nan, galibi zai biya na shida da na bakwai, don tulin zai yi girman da ajiyewa ba za ta yi ma'ana ba. Saboda haka kada ka tambayi kanka ko hannun ya kai 200. Tambayi ko ya kai 600.

Ka'ida ta farko ba ta da togiya sosai: idan abin da ke buɗe a gaban mutum ya riga ya doke duk hannunka, kuma ba ka jiran jere ko fulash mai rai, fita. Kana da 7 biyu, shi yana nuna 10 biyu a fili, ba ka ma san na rufensa ba, babu abin tsayawa.

Ka'ida ta biyu: ƙananan tagwayen da ba su gyaru ba ana ci gaba da su ne kawai idan ku biyu ne, katunanka na raye, kana da ɗan rakiyar da ya fi tagwayen da kake zargin yana da su, kuma buɗaɗɗunsa ba su nuna ya ƙaru ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, musamman idan ku uku ne, ajiye. Uku 'yan dangi da har yanzu uku ne a kati na biyar sun mutu, kada ka biya 200 kana neman biyu a jere.

Idan kai ne a gaba, sa kuɗi. Kada ka wuce da manyan tagwaye don wayo. Kati kyauta ga mai jiran fulash kyauta ce da za ta dawo ta cije ka. Idan ku uku ne, mai fara magana ya sa, kai ne na biye da shi, kuma kana ganin ka fi shi ko kuna kusa, yi ƙari don na ukun ya fuskanci 400 a lokaci ɗaya. Korar mutum ɗaya daga tuli mai girma ta fi ƙarin 200 ɗin daraja.

Karanta labarin katin mutum daga farko, ba daga inda yake yanzu ba. Wanda ya bi 100 a hankali da 6 na daimon, ya samu J na daimon, ya samu 2 na daimon, yana da alamar wanda ya fara da 'yan dangi uku, kuma mai yiwuwa ya cika. Wanda ya yi ƙari da K tun farko sannan daimon biyu suka biyo baya, ya fi kama da mai K biyu. Ƙirga daimon nawa ka gani sun mutu kafin ka yanke.

10. Kati na shida da na bakwai

Ga lissafin da zai hana ka kuskure. Tebur mai takwas, ku biyu kuka rage tun kati na uku, ana sawa ana bi. Kafin na shida tulin ya kai 950. Ya sa 200, ya zama 1,150. Kai za ka biya 200 don cin wannan, wato kana bukatar nasara kusan kashi 15 cikin ɗari. A ce kana da huɗu 'yan dangi. Ka ga naka shida, nasa huɗu, da goshin mutum shida da suka fita, jimla 16, saura 36 da ba ka gani ba. Idan biyu na danginka sun mutu, bakwai suka rage cikin 36, kusan kashi 19. Bi. Idan biyar sun mutu, huɗu cikin 36 kashi 11 ne, bai kai ba, sai in kana da tagwayen da za su ƙara maka hanya. Ban da irin wannan, da kuma lokacin da buɗaɗɗunsa suka nuna ko ka cika ba za ka ci ba, ba a cika ajiyewa a na shida ba.

A na bakwai tulin 1,350 ne. Ya sa 200. Biyanka yana bukatar ya yi daidai kusan sau ɗaya kawai cikin tara. Don haka da duk hannun da zai iya doke wanda yake burga, ko wanda ya jira fulash bai samu ba, biya. Kuskuren biya a banza 200 ne. Kuskuren ajiye hannun da ya ci 1,550 ne. Masu zuwa daga Hold'em marar iyaka sun saba da ajiye hannu mai kyau idan an matsa musu, kuma a nan wannan ɗabi'ar tsada gare ta.

Ta ɗaya ɓangaren, tunda mutane suna biya, burga a kati na bakwai ba ta cika ci ba, amma sa kuɗi da hannu matsakaici yana ci. Tagwaye biyu da A ko K a sama, a gaban mutum ɗaya da buɗaɗɗunsa ba su nuna barazana ba, sa 200. Zai biya da ƙananan tagwaye biyu, har da tagwaye ɗaya. Idan yana nuna huɗu 'yan dangi masu rai ko ya yi tagwaye a goshi, wuce, ka biya idan ya sa.

Hattara: duba katinka na bakwai da kyau kafin ka danna komai. Yana zuwa a rufe kusa da biyun farko, kuma a waya mutane suna cika jere ba su lura ba.

11. Idan tebur ya juya zuwa mai rabawa

Bayan Stud, rabo iri ɗaya zai ci gaba amma tulin zai rabu biyu: rabi ga babban hannu, rabi ga ƙaramin hannu mai kati biyar mabambanta daga 8 zuwa ƙasa, inda A ke aiki a ɓangarorin biyu. K biyu ko Q biyun da kake ƙari da su ɗazu yanzu rabin tuli kawai suke nema, kuma duk mai A a goshi barazana ne gare su. Hannun da ake so su ne ƙanana uku masu haɗi ko 'yan dangi, kamar 3, 4, 5 ko A, 2, 5 na zuciya, masu iya kwashe duka. Damar ninka kuɗi a kati na huɗu saboda buɗaɗɗun tagwaye ma babu ita a nan.

12. Bita bayan tashi

Buɗe tarihin hannaye a manhajar ka ware na Stud kaɗai. Nemo duk hannun da ka kai kati na biyar ka sha kaye, ka yi masa tambaya biyu: katuna nawa na hannun suka mutu tun a rabo, kuma a na biyar kai ne a gaba ko kana bi? Idan a hannu goma ka samu fiye da rabi bi kake yi da ƙananan tagwaye, gyaran yana mataki na 6 ne, ba a ƙarshen hannu ba. Yi amfani da wurin rubuta bayani a kan 'yan wasa, ka sa gajeren abu mai amfani: "yana cika da kowane A", "ba ya ajiyewa a na biyar", "yana manta an bar Razz". Masu buga gauraye ba su da yawa, don haka sunayen da ka gani yau za ka sake haɗuwa da su a tebur cikin mako.